Abin da kan yatsa ke faɗi



Zancenmu na wannan mako bisa wata ƴar na'ura ne wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba, wadda ake maƙala wa mutum ga yatsa, kamin minti guda ta nuna lambobi biyu. Ma'aikatan asibiti na kiranta oksimeta. A da ba a cika ganinta ba sai a asibiti, amma tun da cutar korona ta shigo ƙasarmu cikin watan Maris na 2020 ta fito ta shiga farmasi, daga nan ta faɗa jakar fatake da aljihun teburin ma'aikata.

Wani aminina ne ya sa na ɗauki alƙalami, ɗan kasuwa mai jigilar kaya tsakanin Tawa da Abalak, wanda ya daɗe yana fama da ciwon sukari da hawan jini. Wani dare cikin ɗari, yana Abalak, numfashi ya yi masa wuya. Ɗansa ya ce: "Baba, mu kama hanyar Tawa tun yanzu." Alhaji ya jawo na'ura ya maƙala, ta nuna 95, ya ce ai lafiya lau, a je a kwanta. Bayan kwana biyu kwance anka kawo shi cikin mota, tafiyar kilomita sama da 130, zuciya ta gaji, ruwa ya taru masa a huhu. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Da na je gaishe shi bai ce mini komi ba sai: "Malam, lamba na bi, na ƙi bin ƙirjina."

To, mene ne na'urar ke aunawa? Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Haske iri biyu take ratsawa cikin yatsa, ɗaya ja, ɗaya wanda ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da iskar oksijan da wanda bai ƙoshi ba sun bambanta wajen shanye hasken nan, kuma na'urar tana bin bugun jini ne kaɗai don ta ware jinin da ke zuwa daga zuciya. Lamba ta farko ita ce kashi nawa cikin 100 na jinin ke ɗauke da oksijan. Ga mai lafiya daga 95 zuwa 100 ne, ƙasa da 90 kuwa maganar gaggawa ce. Ta biyu bugun zuciya ne cikin minti guda. Wasu na da lamba ta uku, an rubuta mata PI, mai nuna ƙarfin jinin da ke isa kan yatsa. Ita ce mutane ba su kulawa da ita, alhali in ta yi ƙasa ƙwarai, sauran lambobin ba abin dogara ba ne.

Nan ne mai daɗaɗɗen ciwo zai natsu. Ciwon sukari yana lalata ƙananan hanyoyin jini sannu a hankali, zuciyar da ta raunana ba ta tura jini har iyakar gaɓoɓi yadda ya kamata, taba kuma tana ƙuntata jijiya. Ke nan wanda ya fi bukatar awon, shi ne yatsansa ya fi wuyar aunawa. Ka haɗa da sanyin Disamba da Janairu na arewacin Adar, lokacin da hannu ke sandarewa da asuba, sai ka ga na'ura na tsalle daga 88 zuwa 97 ba dalili.

Sai maganar fata, wadda ta shafe mu duka. Cikin Disamba 2020 likitocin jami'ar Michigan ta Amurka sun kwatanta abin da na'urar ke nunawa da abin da anka samu cikin jinin da anka ɗiba daga jijiya. Inda ta nuna 92 zuwa 96, an tarar da oksijan ɗin gaskiya bai kai 88 ba cikin kusan awo 12 bisa 100 na baƙar fata, na Turawa kuwa bai cika 4 bisa 100 ba. Kusan ninki uku ke nan, kuma kuskuren na karkata wajen kwantar da hankali, wanda shi ne mafi haɗari. Cikin Fabrairu 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, ta lissafa launin fata, sanyin jiki, raunin gudun jini, shan taba da jan farce cikin abubuwan da ke ɓata awon. Mu sai mu ƙara da baƙin lalle na iyalinmu.

Akwai kuma abin da ba ta gani ko kaɗan. Kashi take faɗi, ba yawa ba: kwanon da ba ya cin tiya guda ma, in ya cika, sai a ce ya cika. Yaro mai emasi, ko macen da jininta ya ƙare bayan haihuwa, na iya nuna 98 alhali ƙarin jini suke bukata. Haka wanda ya rufe ɗaki ya kwana da kaskon gawayi: gubar hayaƙin na kama jini, na'ura ta ɗauke ta a matsayin oksijan, ta nuna lamba mai kyau mutum yana suma.

Kada a ce na ce a jefar da ita, ni ma ina da guda. Amma ido ba mudu ba, ya san kima, kuma akwai awon da ba ya bukatar pil. A ɗaga hannun majinyaci daidai da ƙirjinsa, a danna farce na tsawon sakan 5 har ya yi fari, a saki. Ga mai lafiya ja na dawowa cikin sakan 2. In ya wuce 3, hannu kuma ba sanyin gari ya kama shi ba, jini ba ya isa yadda ya dace. A dubi tafin hannu da cikin fatar ido ko sun koɗe. A dubi kan yatsun ko sun kumbura sun yi kamar kan makaɗi, farce ya lanƙwashe, alamar tsohon ciwon huhu ko na zuciya. Ƴan bidarmu da sunka sha ƙurar ramun zinariya a Jado sunka dawo da tari su lura da wannan. Mai ciwon sukari kuwa ya tuna ƙafa ce ke riga hannu lalacewa, ya duba yatsunta da tsakaninsu kowane dare.

Mai son na'urar ta gaya masa gaskiya ya ɗumama hannu, ya zauna ya huta minti 5, ya zaɓi yatsan da ba lalle, ya jira lamba ta tsaya. Ya auna ranar da yake lafiya, ya rubuta cikin karnensa na asibiti, domin likita ya san daga ina ta sauko. In numfashi ya gagara, ko ƙirji ya ɗaure, ko hankali ya fara gushewa, a nemi mota ko da ta nuna 99.

Ga hukumomin kiwon lafiya na jiharmu roƙona biyu ne. Kowace ƙaramar asibiti, daga Tabalak har Cintabaradan da Tasara, ta samu na'urar da anka jarraba bisa baƙar fata, tare da horon ma'aikatan da za su riƙe ta. Sannan a sa ido ga waɗanda ke shigowa kasuwa ba sunan kamfani, ba takardar bayani, ana shimfiɗa su bisa tebur guda da cajar waya.