Idan matuƙin jirgi ya faɗi a sama, wa ke sauke jirgin?

Ranar 30 ga Disamba, 2013, wani jirgin kamfanin United Airlines ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Des Moines zuwa Denver a Amurka. Ana cikin tafiya, ciwon zuciya ya kama kyaftin ɗinsa. Ma'aikatan jirgin suka fara cigiyar likita a cikin fasinjoji, can kuma suka tambaya ko akwai matuƙin jirgi a cikinsu. Mark Gongol, hafsan sojan sama mai tuƙa jirgin yaƙi ƙirar B-1, ya miƙe. Jirgin ya sauka lafiya a Omaha, kyaftin ɗin ma ya rayu.

Jaridu sun yi ta yabon fasinjan, kuma ya cancanci yabo. Sai dai aikin da ya yi shi ne riƙe rediyo da karanta jerin matakan sauka. Mataimakiyar kyaftin ce ta sauke jirgin, shi kuma ya zauna ƙarƙashin umarninta duk da muƙaminsa na soja. Haka aka yi a Maris na 2023, lokacin da kyaftin ɗin wani jirgin Southwest ya kasa ci gaba da aiki bayan tashi daga Las Vegas: wani matuƙi na wani kamfani da ke cikin fasinjoji ya karɓi rediyo, mataimakin kyaftin ya mayar da jirgin ƙasa.

Abin da ya ceci rayuka a waɗannan jirage biyu shi ne tsarin da ya wajabta matuƙa biyu, kowannensu da horon da zai iya sauke jirgin shi kaɗai. Fasinjan ya rage wa mataimakin nauyi ne kawai.

Inda babu wannan tsari, ko ya rushe, sai labari ya sha bamban. Ranar 14 ga Agusta, 2005, matuƙa biyu na jirgin Helios da ya tashi daga Larnaca suka suma saboda ƙarancin iskar shaƙa, sakamakon na'urar daidaita iska da aka bari a saitin da bai dace ba. Wani ma'aikacin jirgin mai lasisin tuƙi, Andreas Prodromou, ya samu shiga ɗakin tuƙi, amma a makare, mai na gab da ƙarewa. Jirgin ya faɗi a ƙasar Girka, mutum 121 suka rasu. A Mayun 2022 kuwa, Darren Harrison, wanda bai taɓa koyon tuƙi ba, ya sauke ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 208 a jihar Fulorida bayan matuƙinsa tilo ya suma, wani jami'in hasumiya mai koyar da tuƙi yana faɗa masa abin da zai yi. Wannan gamo da katar ne, kuma ba kullum ake kwana a gado ba.

Batun ya shafi masu shirya tafiye-tafiyen manya a Abuja kai tsaye. Hadimin da zai yi wa mai gidansa hayar ƙaramin jirgi ko helikwafta yakan tambayi farashi da lokacin tashi. Ya kamata ya fara tambayar matuƙa nawa za su zauna a gaba, da kuma ko takardun lafiyarsu suna kan ƙa'ida. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta san dalilin da ya sa ta ƙayyade shekara 60 ga matuƙin jirgin kasuwanci tsakanin ƙasashe idan shi kaɗai ne, amma ta bar shi zuwa 65 idan yana da abokin aiki.

Akwai kuma yunƙurin da wasu masu ƙera jirage ke yi na a bar mutum ɗaya a ɗakin tuƙi a tsakiyar doguwar tafiya, domin rage kashe kuɗi. Ya dace hukumar NCAA ta Najeriya ta tsaya kan matuƙa biyu, ta kuma tsananta binciken lafiyarsu, musamman a jiragen haya. Fasinjan da ya iya tuƙi, idan an dace da shi, alheri ne daga Allah. Amma babu hukumar da ta isa ta dogara da cewa ranar da matuƙi zai faɗi, za a samu irinsa a cikin jirgin.