Ba kowane wasa ne wasa ba

Akwai masu cewa wasan kwaikwayo shiririta ne, aikin marasa abin yi. Ni ban yarda ba. Ku ji abin da ya faru a ƙasar Indiya, lokacin da Turawan Ingila ke mulkinta, zamanin sarauniyarsu Biktoriya.

In zafi ya tsananta, manyan Turawa sukan ƙaura zuwa Simla, wani gari mai sanyi bisa duwatsu. Can hafsoshin soja da ma'aikata da matansu ke hawa dandali da kansu. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Sukan ɗauko wasannin ban dariya na birnin Landan, na rikicin neman aure da rabon gado. Su ke yi, su ke kallo, su ke tafi.

Dariya ba laifi ba ce. Amma mu duba ɗaya gefen.

A yankin Bangal, Turawa masu kamfani sun ɗaure manoma da bashi. Sun tilasta musu noman baba, wannan dai da ake rini da shi, a gonakin da suke shuka shinkafa. A 1860 wani ɗan ƙasar, Dinabandu Mitra, ya fitar da wasan da ya rubuta kan wannan zalunci. Sunan wasan Nil Darpan, wato madubin baba. A 1861 wani malamin mishan, James Long, ya sa aka buga shi da Ingilishi. Aka ci shi tara, aka jefa shi kaso wata ɗaya. A 1876 kuma aka kafa doka, gwamnati ta samu ikon hana duk wasan da ta ga zai zuga mutane. Shekara 11 bayan haka, a 1887, aka buɗe wa Turawan Simla sabon gidan wasa.

Kun gani? Wasan da ke sa mai mulki dariya, gida ake gina masa. Wanda ke faɗin kukan manomi, doka ake yi masa. Da shiririta ne, wa zai ɓata takarda a kansa?

Saboda haka, in samarin garinku sun shirya wasa kan bashi ko kan mai awo mazambaci, kada ku kore su. Ku shimfiɗa tabarma. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta musu shi, don kada ya ɓace.