A Rage Suya, A Koma Ga Gashi

Malam manomi, kai da ke noman doya da rogo da dankali a ƙasar Keffi, da ke uwargida mai riƙe da madafa, da kai malamin gona da ke zagaya ƙauyuka, wannan magana taku ce ku duka. Mun daɗe muna yi muku bayani a kan iri da taki da feshi, amma ba kasafai muke bin amfanin gona har zuwa tukunya ba. Alhali kuwa a nan ne ake cin ribar noma ko a yi asararta. Ra'ayinmu shi ne, gidan manomi ya rage tsoma abinci cikin tafasasshen mai, ya koma gasa shi da ɗan mai kaɗan, musamman a abincin dare.

Allah ya hore wa Jihar Nasarawa ƙasa mai albarka. Tun kafin a cire ta daga Jihar Filato a 1996 an san yankin da doya da riɗi da agushi da gyaɗa da rogo. To amma ka bi hanyar da ta taso daga Mararaba ta ratsa Masaka zuwa Keffi da yamma, ka ga yadda ake sarrafa wannan arziki: kasko cike da mai, doya da dankali da ƙosai suna iyo a ciki. Wannan ɗabi'a ta shiga gidaje, har wasu yara ba sa ɗaukar dankali a bakin abinci sai an soya shi.

Me ya sa muke cewa a rage?

Dalili na farko shi ne lafiya. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci kuwa 4 ne kacal. Yankan doya ko dankali da aka tsoma a kasko yakan sha mai, wanda ya ci kuma ya sha tare da shi. Ga wanda ya wuni yana huɗa, jiki zai ƙone wani abu daga ciki. Amma ga wanda ke zaune a shago ko ofis, da tsofaffi, da mai fama da hawan jini ko ciwon suga, ƙiba ce ke taruwa, ita kuwa ƙiba tana ƙara wa waɗannan cututtuka ƙarfi. Sannan ga al'adar maimaita mai: a soya yau, a ajiye, a ƙara sabo a kan tsoho gobe, har ya yi baƙi ya yi kauri. Man da aka yi ta tafasawa yakan lalace, ya haifar da sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini.

Dalili na biyu shi ne aljihu. Uwargida ta fi kowa sanin abin da kwalabar man gyaɗa ko manja ke ci a kuɗin cefane. Suya tana son a cika kasko, gashi kuwa cokali ɗaya ko biyu ya wadatar da tire guda.

Dalili na uku shi ne sauƙi. Matar da ta dawo daga gona ko kasuwa da magariba ba ta da sauran ƙarfin tuƙa tuwo da haɗa miya kullum. Gashi ba ya son tsayuwa a kan wuta. Za ta ɗora, ta yi salla, ta dawo ta juya.

Dankalin da ya kamata ka shuka

A nan ne aikinka ya shigo, malam manomi. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike a Jihar Abiya ta fitar da irin dankalin Hausa mai ciki ruwan lemo: King J a 2012, Mother's Delight a 2013, sai Solo Gold a 2018. Wannan launi alama ce ta sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ƙarancinsa ke jawo dundumi ga yara, ya kuma raunana su a gaban ƙyanda da gudawa. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin giram 125, wato ɗan madaidaicin dankali guda, ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini. Saboda muhimmancin wannan aiki ne a 2016 aka ba masana huɗu, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low da Howarth Bouis, Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya.

Nomansa bai bambanta da na farin dankalin da ka saba ba. Ka yanki yaɗo mai lafiya tsawon santimita 25 zuwa 30, ka dasa a kan kunya da tazarar santimita 30, cikin wata uku zuwa huɗu ka haƙe. Kunya biyar ko shida a bayan gida sun isa cefane. Kada kuma ka kwashe duka ka kai kasuwar Abuja. Ka fara cire rabon iyalinka.

Yadda ake gashin

Uwargida, ki wanke dankali sosai. Idan bawon yana da kyau ba sai kin fere ba. Ki yanka shi tsaye, kaurin ɗan yatsa, ki tsane ruwan da tsumma mai tsabta. Ki zuba mai cokali ɗaya ko biyu da ɗan gishiri, ki cuɗa har kowane yanka ya samu. Ki jera a faranti ko tire ba tare da wani ya hau wani ba, domin idan suka cunkushe turara za su yi.

Idan babu murhun gashi na gas ko na lantarki, ba komai. Dabarar da mata ke gasa kek da ita ta isa: babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta ko ƙananan duwatsu a ƙasanta, a bari ta yi zafi, a ɗora farantin a kai, a rufe. Ko kuma a shimfiɗa waya a kan garwashi, kamar yadda masu gasa masara ke yi. Bayan kamar minti 15 ki juya. Cikin rabin awa ko fiye da haka kaɗan ya nuna. Ki sauke da zarar ya yi ja, kada ki bari ya ƙone ya yi baƙi.

Haka za ki yi da doya da kabewa da karas da yalo da agada, har da albasa da tattasai. Rogo kuwa a yi hattara: mai zaƙi kaɗai ake gasawa, bayan an fere. Rogo mai ɗaci yana da guba, sai an jiƙa an sarrafa shi.

Gasasshen dankali shi kaɗai bai cika abinci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kullum, kuma dankali da doya da rogo ba sa cikin wannan lissafi. Saboda haka a haɗa da kwaɗon zogale ko na rama, da dafaffen wake ko ƙwai ko busasshen kifi, a barbaɗa yajin ƙuli. Gishiri kuma hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Mai ciwon suga ya ci kaɗan, ya cika farantinsa da ganye.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce ai abinci ba mai, abincin talauci ne. Ba mu ce a daina cin mai ba. Hasali ma bitamin A ba ya shiga jiki da kyau sai da ɗan maiƙo, shi ya sa muka ce a shafa. Wani kuma zai ce yara ba za su ci ba. Gasasshen dankali ya fi dafaffe zaƙi, domin zafi yana juya sitacinsa ya zama suga, kuma ba mu ga yaron da ya taɓa ƙin dankalin da aka tura cikin toka a gona ba. Gashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da shi suka tashi. Suya ta zama ta ranar salla da biki da baƙi, kamar yadda take a da.

Kira ga malaman gona

Malam, idan ka raba irin dankali ka tafi, rabin aiki ka yi. Manomi ba zai ci gaba da shuka abin da iyalinsa ba su iya ci ba. Ka haɗa kai da sashen mata na Hukumar Raya Aikin Gona ta Jihar Nasarawa, duk ranar da za a nuna gonar gwaji a Keffi ko Kokona ko Karu, a hura wuta a gefen gonar, a gasa, kowa ya ɗanɗana. Gani ya kori ji. Ka kuma koya wa manoma adana yaɗo a fadama ko lambu lokacin rani, don kada damina ta faɗi babu iri.

Kai kuma maigida, ka ware kunyoyin gida tun daga damina mai zuwa, ka ba uwargida goyon baya ta gwada ko da sau biyu a mako. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu lafiyar cin abin da muka noma, amin.