Ciwon Muƙamuƙi a Lagdo: Allura Kafin Wuƙa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai a 1982, garin ya zama matattarar masunta, cikinsu har da Hausawa masu yawa. Idan ciwon gaɓar muƙamuƙi ya kama ɗayansu, wato gaɓar da ke gaban kunne, sai tauna ta gagara, baki ya ƙi buɗuwa. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsu uku a jere. Wanda nasa ya kasa, yakan yi haƙuri saboda tsoron tiyata da kuɗin zuwa Garwa.

Alhali yawancin wannan ciwo ba ya bukatar wuƙa. Matakin farko shi ne hutar da gaɓar: abinci mai laushi, barin goro da ƙilishi na ɗan lokaci, gashi da ruwan ɗumi, da maganin kumburi. Idan hakan bai wadatar ba, akwai wankin gaɓa, wanda likita Dorrit Nitzan da abokan aikinta suka bayyana a 1991. Ana kashe zafin wurin, a soka allura biyu cikin gaɓar, ruwan asibiti ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, ya kwashe abin da ke haddasa kumburi. Majinyaci yakan koma gida a ranar. Wanda muƙamuƙinsa ke yawan gocewa wajen hamma kuma, akan yi masa allurar jininsa a gaɓar domin ta ƙara ƙarfi.

Wasu za su ce zazzaɓin cizon sauro ya fi cancantar kulawa. Gaskiya ne, amma wannan aiki hannu gwani yake nema fiye da na'ura mai tsada. Jinkiri kuwa yana da tsada. Yaron da ya faɗi a kan haɓarsa ba a duba shi ba, ƙashin gaɓar na iya haɗewa, bakin ya kulle, fuskar ta karkace. A nan allura ba ta da amfani, sai babbar tiyata.

Don haka ya kamata Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, ta horar da likitocin haƙori wankin gaɓa, a kuma koya wa ma'aikatan asibitin Lagdo gane ciwon da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.