Rakwa da Ruwan Baƙo

Mutanen Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, sun haura shekara 100 a Afirka ta Yamma, amma gahawar gidajensu a Kumasi da Accra tana nan yadda suka gaje ta. Niƙa ta ake yi lukwi kamar garin alkama, a haɗa da ƙwayar ƙamshin da suke kira hel. A auna ruwa da finjali, a zuba a rakwa, wato 'yar tukunya mai dogon hannu, a sa cokalin shayi guda tulle ga kowane finjali, a ɗora a wuta kaɗan. Da kumfa ta taso sai a ɗauke, a mayar, har sau uku. Sukari a tukunya ake sa shi, don haka tilas maigida ya tambayi baƙo yadda yake so tun kafin a hura wuta.

Mu ma kakanninmu baƙi ne a nan, fataken goro da suka kafa zanguna. Sun bar mana tabarma da ruwan baƙo da doguwar gaisuwa. Yau kuwa sai a aiki yaro ya sayo lemon kwalba, a gaisa a tsaye. Ba gahawar muke kwaɗayi ba. Zaman jiran tafasarta ne ya kamata mu farfaɗo da shi, domin a irin wannan zama yaranmu ke jin yadda ake gaida babba da Hausa, kuma makarantun ƙasar nan ba za su koya musu ba.