Ciwon dajin kai da wuya: hoto ɗaya ba ya isa likita ya yanke hukunci

Daga cikin tambayoyin da masu sauraro suka fi aiko mana a shirin kiwon lafiya na gidan rediyo, akwai wadda take yawan dawowa: don me likita zai sa a yi wa mara lafiya hoton wuya, a biya kuɗi, sannan bayan mako guda ya sake rubuta wani hoton daban? Wasu 'yan uwa a nan Zongo suna ɗaukar hakan a matsayin hanyar tatsar talaka. To amma idan muka duba yadda aikin yake, za mu ga cewa a ciwon dajin kai da wuya kowace na'ura akwai abin da take gani, akwai kuma abin da ke ɓoye mata. Matsalar da ta fi damun mu ita ce yadda hotunan ke warwatse ba tare da an haɗa su wuri guda an karanta ba.

Wannan ciwo yana kama baki, harshe, maƙogwaro, akwatin murya da kuma bayan hanci. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta shekarar 2022 ta nuna cewa kusan mutum dubu 900 ne ke kamuwa da shi a shekara. Taba, ko ta hayaƙi ko ta gari da ake cusawa a baki, da giya, su ne kan gaba wajen jawo shi, sai kuma wasu ƙwayoyin cuta irin su HPV da Epstein-Barr.

Bari mu bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce eko, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita. Tana da sauƙin kuɗi, tana nuna kaluluwar wuya, kuma da ita likita ke bin hanya ya soka allura ya ɗebo abin da za a kai ɗakin gwaji. Sai dai ba ta gani ta cikin ƙashi. Ta biyu ita ce sikana, wadda ke nuna ko ciwon ya ci ƙashin muƙamuƙi ko guringuntsin maƙogwaro, da ko ya sauka huhu. Ta uku ita ce wadda ake kira IRM a Faransanci, gwanar nama mai laushi: ita ke faɗin zurfin ciwo a cikin harshe, da ko ya bi jijiya ya nufi gindin ƙwaƙwalwa. Ta huɗu ita ce PET, inda ake yi wa mutum allurar wani sukari mai fitar da haske, ƙwayoyin daji kuwa masu haɗamar sukari ne, sai su haskaka duk inda suka ɓuya a jiki.

Tun a shekarar 1998 masana a birnin Pittsburgh na Amurka suka haɗa PET da sikana a na'ura guda, domin ɗaya ta nuna inda wutar ke ci, ɗaya ta nuna a wane ɗaki take. Amfanin hakan ya fito fili a wani bincike da aka yi a Ingila kan marasa lafiya 564, aka buga a 2016. Rabinsu an tsara yi musu aikin cire kaluluwar wuya, rabin kuma aka jira makonni 12 bayan magani aka yi musu hoton. A rukunin farko mutum 221 aka yi wa aiki, a na biyu 54 kawai, kuma yawan waɗanda suka rayu bai bambanta ba. Ke nan hoton da aka yi a kan lokaci ya raba mutane da yawa da wuƙa.

Abin tambaya a nan shi ne, ina mu a cikin wannan ci gaba? Sukarin da ake amfani da shi a PET yana rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 110, saboda haka dole injin da ke sarrafa shi ya kasance kusa, shi ya sa na'urar ta yi ƙaranci a yammacin Afirka. Bugu da ƙari, tarin fuka da ke kumbura kaluluwar wuya, wanda ba baƙo ba ne a wajenmu, shi ma yana haskawa a hoton kamar daji. Don haka babu hoton da zai maye gurbin ɗibar nama a duba a ɗakin gwaji.

Shekaru da dama duk wanda ke bukatar a gasa masa ciwon da haske sai ya ƙetare iyakar Aflao zuwa asibitin Korle Bu na Accra, inda aka fara wannan aiki tun 1997, ko kuma Kumasi. A 'yan shekarun nan an samu cibiya mai zaman kanta da ke yin sa a nan Lome. Shi ma gashin ba ya yiwuwa sai da hoto, domin a kan sikana ake zana inda hasken zai bi, ana ɗora hoton IRM a kai, don a ƙona ciwon a tsallake jijiyar laka da wuraren da ke samar da yawu.

Mu mutanen Zongo muna da namu laifin. Tun da aka tashe mu daga tsakiyar gari a 1977 aka maido mu Agoè, nisan asibiti ya zama hujjar da muke fakewa da ita. Kumburin wuya ya fito, sai a fara da wanzami, a yi sakiya ko ƙaho. Murya ta dushe, a ce beli ne. Kafin a kai ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin Sylvanus Olympio ko na Campus, watanni sun shuɗe. Wasu kuma da kansu suke zuwa su biya kuɗin hoto ba tare da takardar ƙwararre ba, daga baya a ce ba shi ake bukata ba. Ga kuma ɗabi'ar jefar da faifan da ake bayarwa a riƙe takarda kawai, alhali faifan ne likita na gaba zai kwatanta da sabon hoto.

Su ma hukumomi akwai jan aiki a gabansu. Tun watan Janairun 2024 aka fara shirin inshorar lafiya na kowa da kowa, wato AMU, a ƙarƙashin INAM da CNSS. Galibin mutanenmu mahauta ne, dillalan shanu, direbobi da 'yan tebur, saboda haka ya kamata a fito a yi musu bayani a harshensu kan yadda za su shiga, da kuma waɗanne hotuna shirin ke ɗauka. Togo mamba ce a hukumar makamashin nukiliya ta duniya tun 2012, kuma hukumar ta ƙaddamar da shirin taimaka wa ƙasashe da na'urorin gano daji da gasa shi a 2022, ya rage ga mahukunta su ci moriyarsa. Sannan kowane asibiti ya tabbatar likitan hoto, likitan fiɗa da na daji suna zama tare a kan kowane mara lafiya kafin a rubuta masa hoto na biyu.

Kira na ƙarshe ga jama'a: dushewar murya, gyambon baki, ko kumburin wuya da ya wuce mako uku, a tafi asibiti. A tambayi likita abin da kowane hoto zai nuna, a kuma adana faifai da takardu a jaka guda. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.