Mai Kare, Ɗaure Karenka

Malam mai kare, da kai nake, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Karen nan da kake buɗe wa ƙofa da magariba ya fita yawo, ko wanda ma ba ka taɓa rufe masa ƙofar ba tun yana ɗan kwikwiyo, ya zame wa unguwa masifa. Laifin kuwa ba nasa ba ne. Shi dabba ne, halinsa yake yi. Kai ne mai hankali, kai ka kawo shi, kai kake cin moriyar gadinsa, kai kake barci har da minshari don ka san ɓarawo ba zai haura maka katanga ba. Amma fargaba da cizo da ɓarna, sai ka bar wa mutanen da ko shawararsu ba ka nema ba ranar da za ka sayo shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka taɓa tsayawa ka duba su wa karenka yake addaba? Ba ƙarti majiya ƙarfi ba ne, su ko dutse suka sunkuya za su ɗauka ya ba su hanya. Dattijo ne da ke lallaɓawa masallaci da asuba da 'yar tocilarsa, wanda yanzu ya koma sallah a ɗaki saboda gwiwarsa ba ta gudu. Yaran Islamiyya ne da suka bar lungun da ya fi kusa suka koma zagaye ta bakin titi, inda motoci ke gudu. Almajiri ne da ƙoƙonsa bayan isha'i. Yarinya ce mai tallar awara da ta watsar da faranti ta ruga, ta isa gida ba ciniki ba awara. Mai babur ne da kare ya biyo shi da haushi, ya kauce, ya zube da matar da ya ɗauko. Uwar gida ce da ta juya baya kaɗan, ta dawo ta tarar da baki a cikin tukunya, ta zubar da abincin yara, ta zauna wanki sau bakwai. Tsohuwa ce da kajinta biyar su ne jarinta, ta wayi gari ta ga gashinsu a bayan gida. Duk raunana ne, duk waɗanda ba za su iya tsayawa a ƙofar gidanka su ɗaga murya ba. Kuma ka san haka, shi ya sa ba ka damu ba.

Idan wani ya yi ƙarfin hali ya yi maka magana, amsarka ɗaya ce, an haddace ta a kowace unguwa: "Ai ba ya cizo, wasa yake yi." Kai ne ba ya cizo, Malam, don kai kake ba shi abinci, ya san muryarka ya san warinka. Ɗan maƙwabcinka mai shekara biyar da ya ga kare ya nufo shi ya zura da gudu, shi bai san wasa ba ne, karen kuma da ya ga abu na gudu bin sa zai yi. Kuma da wane ido ka ga abin da yake yi da ƙarfe biyun dare a bayan kasuwa, cikin garken karnuka bakwai ko takwas suna bin karya, suna yagar juna? Ba ka san da wa ya yi faɗa ba, ba ka san wa ya cije shi ba. Da safe ya dawo ya kwanta a soronka, yaranka su hau wasa da shi.

A nan ne maganar ta wuce ta kaji da tukwane, ta zama ta rai. Ciwon haukan kare yana nan a tsakaninmu, kuma ta wannan cizon na dare yake yawo daga kare zuwa kare kafin ya iso kan mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi da haukan ke ciza kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, don haka cizon a fuska ko wuya ko hannu yake samunsa, ƙwayar cutar kuma jijiya take bi ta nufi ƙwaƙwalwa. Duk yadda cizon ya kusanci kai, haka tafiyarta ke gajarta.

Muguntar wannan ciwo ita ce yana ba da lokacin mantuwa. Rauni ya warke, kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Sai bayan wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara, yaro ya fara zazzaɓi, wurin cizon ya riƙa yi masa zugi ko ƙaiƙayi. Daga nan ƙishirwa ta kama shi, a miƙo masa ruwa maƙogwaro ya ƙulle, ya ture kofin yana kakari. Iska ma idan ta taɓa fuskarsa sai ya firgita. A tsakanin fizge-fizgen hankalinsa yakan dawo, ya gane uwarsa, ya yi mata magana. Mutanen gida su ce aljanu ne, wasu su ce sammu ne, a yi ta hayaƙi da tofi. Da zarar waɗannan alamomi sun bayyana, kusan babu mai tashi, ko a wane asibiti na duniya aka kai shi. Cikin 'yan kwanaki ake jana'iza. Kai kuma mai kare ka zo gaisuwa, ka zauna a kan tabarma cikin jama'a, ka ce kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, gaskiya ne, babu mai ja da ƙaddara. Amma wanda ya buɗe ƙofa ya saki kare ba allurar rigakafi, shi ma akwai tambayar da ke jiran sa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan mutuwa ce da aka daɗe da sanin maganinta. Tun shekarar 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar rigakafinta a Faransa, yaron ya rayu. A nan gida, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a ba ka kati. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Kowace ranar 28 ga Satumba ana gangamin yaƙi da ita a duniya, an kuma sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan kare ya daina kashe mutum ta wannan hanya. Kai da kake cikin waɗanda za su cika wannan kashi 70 ɗin, ko hanyar asibitin dabbobi ba ka sani ba. Kuɗin allurar kare ɗan kaɗan ne. Na mutumin da aka ciza kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta shi a 2018 a kan kimanin dala 108, allurai ne da ake komawa a karɓa a ranaku daban-daban, ga kuɗin mota, ga barin sana'a, idan raunin ya yi zurfi kuma akwai wata allurar ta daban mai tsada da wuyar samu. Ka ƙi kashe ƙaramin kuɗi daga aljihunka, ka ɗora babban a kan leburan da ke maƙwabtaka da kai.

Na san hujjarka ta biyu: zamani ya lalace, ɓarayi sun yi yawa, dole a ajiye kare. Ban musa ba. Wanda ya yi gini a sabuwar unguwa a bayan gari, tsakanin kangwaye, babu wuta babu ofishin 'yan sanda kusa, ya san abin da yake tsoro. Risalar Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta taƙaita ajiye kare ga gadin gona da kiwo da farautar neman abinci, amma an ruwaito cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, saboda larurar zamaninsa. To, ajiye. Sai dai karen gadi a gidan da yake gadi yake kwana. Wanda ke bola a bayan mahauta da tsakar dare, gidan wa yake tsarewa? Kada ka ce mini ai unguwar baki ɗaya yake gadi. Babu wanda ya ba shi wannan aiki, kuma bai san bambancin ɓarawo da ladan ba.

Ɗaure dabba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowace shekara idan ruwa ya sauka aka yi shuka, mai gari yakan sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure akuyarsa da tunkiyarsa, wadda aka kama a gona kuma mai ita ya biya. Babu mai cewa ai akuyata ba ta cin gero. Alƙur'ani ma, a Suratul Anbiya'i, ya ba da labarin shari'ar da aka kawo wa Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan tumakin da suka shiga gonar wani da dare. Malaman Malikiyya kuwa sun yi bayani ƙarara a kan kare mai cizo: idan an gargaɗi mai shi ya yi biris, duk abin da karen ya ɓata lamuninsa na wuyansa. Akuya mai cin ganye a ɗaure ta, amma a saki mai cin naman mutum? Sannan da wane baki za ka yi maganar haƙƙin maƙwabtaka, kai da maƙwabcinka bai tsira daga cutarwarka ba ko dare ɗaya?

Shi kansa karen ka zalunce shi. Da yawanku ba don komai kuke sakinsa ba sai don ku huta da ciyar da shi, ya je ya nemi nasa a juji. Ya dawo da kaska da ƙazuwa da raunuka, ba mai dubawa. Karya ta haihu, a kwashe 'ya'yan a zubar a bakin kwata, waɗanda suka rayu su zama karnukan da ba su da ubangida, su kuma su haifi wasu. Idan ya yi ɓarna sai kowa ya tsame hannu: na yara ne, na maigadi ne, ai bin mu kawai yake yi. Wanda ke zuba masa sauran tuwo, ya sa masa suna, ya kira shi ya zo, shi ne mai shi. Ɗaurewar da nake nufi kuma ba ta igiya taku biyu a tsakiyar rana ba ce, ba ruwa ba inuwa, wannan ma ƙara masa faɗa take yi. Katanga ce mai tsawo, ƙofa mai sakata, rumfa, ruwa da abinci, idan za a fita da shi kuma da sarƙa a hannun babba. Wanda ba zai iya wannan ba, ba shi da halin ajiye kare, ya bayar da shi ga wanda zai iya.

Ku ma maƙwabta ban wanke ku ba. Shekara guda kuna gunaguni a majalisa da wurin suna, babu wanda ya taka ya je ya yi sallama da mutumin. Wai kunya, wai kada a ɓata zumunci, wai ai Alhaji babban mutum ne. Sai ranar da haƙuri ya ƙare wani ya sa guba a nama ya jefa ta kan katanga. Wannan aikin matsorata ne, kuma haɗari ne: kaji za su ci, kyanwa za ta ci, yaro mai rarrafe zai iya ɗauka, gaba kuma ta ƙullu har jikoki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku je ku biyu ko uku, da dattijo a cikinku, ku faɗa masa abin da karen ya yi, da rana da wuri, ku nemi ganin katin allura. Wannan zuwan shi ne gargaɗin da malamai suka ambata, shi ya sa ake son a yi shi a gaban shaidu. Idan bai ji ba, mai unguwa yana nan, liman yana nan, sashen kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma yana nan, daga can kuma sai kotu.

Idan kuma har an yi cizon, ku bar rigima tukuna. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, nan take, ko da ƙarzuna ce kawai. Kada a shafa toka ko barkono ko kalanzir, kada a ɗaure da tsumma. A tafi asibiti a ranar, a faɗi cewa kare ne, a nemi allurar, a kuma cika ta har ta ƙarshe ko da raunin ya bushe. Karen kuma kada a rufe shi da duka a jefar da gawar a rami. A killace shi kwana 10 likitan dabbobi na duba shi, domin idan yana ɗauke da cutar a yawunsa lokacin cizon, cikin waɗannan kwanaki zai nuna. Idan ya mutu ko an riga an kashe shi, a kira ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan a kai gwaji, kada kowa ya taɓa da hannu. Ku sani kuma ba kowane mahaukacin kare ne ke hargagi ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a bakinsa.

Kuɗin motar zuwa asibitin, da na allurar tun daga ta farko har ta ƙarshe, da na kajin tsohuwa, da na farantin awara, duk naka ne, Malam mai kare. Ka biya ba tare da an kai ka gaban kowa ba, sannan ka kira kafinta ya gyara maka ƙofar nan kafin magariba.